Labarin Kwabo Mai Huji a Ƙasar Daura

Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin ƙasar Daura. Da shi a ke ciniki, da shi a ke biyan haraji. Wuri zambar ashirin shi ne keso guda, ɗaukarsa sai ƙato, ƙirgarsa kuwa sai a wuni a kan tabarma.

Bayan zuwansu, Turawa suka mayar da sarauta gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa Sarkin Daura. A zamaninsa ne, cikin 1907, aka buga kwabo da anini saboda Nijeriya. Anini goma ke yin kwabo. An huda tsakiyarsu don a riƙa shirya su a zare. A gefe guda akwai kambi da sunan Sarkin Ingila Edward na Bakwai, da darajar kuɗin da rubutun Larabci, don malamai su karanta wa jama'a. A ɗaya gefen kuma tauraro ne mai tsini shida. Aninin farko na sanholo ne, bai jimre ba, shi ya sa cikin 1908 aka sake masa ƙarfe. Rabin kwabo ya fito cikin 1911, shekarar da Sarki Abdurrahman ya hau gado. Mutane suka sa masa suna ɗari, wato kimanin wuri ɗari, don har sa'an nan da wuri su ke lissafi a zuci.

Abin da ya kashe wuri shi ne haraji da jangali. Da baitulmali ta ƙi karɓarsa, tilas talaka ya nemi kuɗin Bature, ko ya noma gyaɗa, ko ya sayar da akuya. Cikin 1913 aka kawo sule da sisi da taro da fataka na azurfa. Sulen yana da hoton itacen kwakwa. Jama'a suka yi ta binne su, maƙeran fari kuma suna narkarwa su yi awarwaro. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, sai cikin 1920 aka koma buga su da farin ƙarfe mai ruwan ƙwai.

Masu tara tsofaffin kuɗi suna son kwabon 1936, gama yana ɗauke da sunan Edward na Takwas, wanda ya yi murabus cikin shekarar, alhali ko a Ingila ba a kashe kuɗi da sunansa ba. Suna kuma duba ƙaramin harafin H ko KN, alamar maƙerar da ta buga a Birmingham.

Nijeriya ta fitar da kuɗinta cikin 1959, naira kuma ta zo cikin 1973. To, wanda ya tarar da kwabo mai huji a akwatin mahaifinsa, kada ya goge shi da toka, kada ya bai wa maƙeri. Ya rubuta shekararsa da inda aka same shi, ya ajiye. Da irinsa ma'aji ya cika littafi, da irinsa aka biya albashin dogari da malamin kotu. Allah ya jiƙan magabata, amin.