"Deadline": Kalmar da Ta Fito Daga Gidan Yarin Yaƙi

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu na Gidan Waya da furojet ya sa a gaba: kalmar nan "deadline" da muke ji kullum a bakin malamai, kun san asalinta kuwa? Wallahi labarin ba daɗin ji.

A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, sojojin Kudu sun buɗe sansanin fursunonin yaƙi a Andersonville, cikin jihar Jojiya, a shekarar 1864. Daga cikin katangar suka kafa wani ɗan shinge, tazarar kusan ƙafa 19. Duk fursunan da ya taɓa shi ko ya tsallaka, masu gadi na da izinin harbe shi nan take. Wannan shingen ne ake kira "deadline", wato layin mutuwa. Fursunoni kusan 45,000 suka shiga wurin, kusan 13,000 suka mutu, galibi saboda yunwa da cuta. Bayan yaƙi aka gurfanar da shugaban sansanin, Henry Wirz, aka rataye shi a Nuwamban 1865.

Zuwa shekarun 1920, 'yan jaridar Amurka sun ari kalmar. A wurinsu ta zama lokacin ƙarshe na miƙa labari kafin injin buga jarida ya tashi. Daga nan ta bazu ofisoshi da makarantu, har ta iso mana Kafanchan.

Abin mamaki, mu ma Hausa haka take. Muna cewa an ba mu wa'adin biyan kuɗin makaranta, kuma in mutum ya rasu mu ce wa'adinsa ya yi.

Dalilin da ya sa na kawo zancen: wani abokin karatuna ya yi kwana 3 ba barcin kirki, ga shi ba ya cin abinci sai garin kwaki, duk don babi na 4. Ranar miƙa aiki a gadon asibiti ta same shi, ana ƙara masa ruwa.

Jama'a, namu layin babu mai bindiga a bakinsa fa. Ka fara aikinka da wuri, da sanyin safiya ake kama fara. In ka ga ba za ka gama ba, je ka sami malamin da ke duba aikinka tun kafin ranar, kada ka bari sai ta wuce. Allah Ya sa mu gama lafiya.