Ƙara farantan sola a gida: abin da ya kamata a sani game da haɗin waya da fiyus

Cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa janareta ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, sannan a Oktoban shekarar jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon lantarki. Waɗannan abubuwa sun tura jama'a ga sola.

Akasari ana farawa ne da faranti ɗaya ko biyu da batir guda. Idan firji ko injin jan ruwa ya shigo gida, sai a fara tunanin ƙari. A nan ne haɗari yake, domin gidan da ya rabu da wutar gwamnati ya zama kamfanin lantarkin kansa, kuma duk kuskuren da aka yi a haɗin waya a kan rufinsa zai ƙare.

Lambobin da ke bayan faranti

Kowane faranti na ƙwarai yana da takarda manne a bayansa. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci ga mai son ƙari. Na farko Voc, wato iyakar bolt ɗin da farantin ke bayarwa idan ba a jona masa komai ba. Na biyu Isc, iyakar amfiyar da zai iya turowa. Na uku yana kan layin da ke ɗauke da kalmar Fuse, shi ne fiyus mafi girma da kamfanin ya yarda a sa wa farantin.

Idan aka kwatanta da ruwan famfo, bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu. Turi ya yi yawa, na'ura ta fashe. Ruwa ya fi ƙarfin bututu, wato waya, sai ta yi zafi ta narke.

Hanyoyi biyu na haɗi

Hanya ta farko ita ce haɗin sarƙa: a jona wayar alamar + ta faranti ɗaya da wayar alamar − ta na gaba. Bolt yana taruwa, amfiya tana nan yadda take. Hanya ta biyu ita ce haɗin kafaɗa da kafaɗa: duk wayoyin + su haɗu wuri ɗaya, duk na − su haɗu wuri ɗaya. A nan amfiya ce ke taruwa, bolt bai canja ba.

A ɗauka faranti yana da bolt 40 da amfiya 10. Uku a sarƙa za su ba da bolt 120 da amfiya 10. Uku kafaɗa da kafaɗa za su ba da bolt 40 da amfiya 30. Wutar da aka samu ɗaya ce, amma abin da kowane haɗi ke buƙata ya bambanta.

Abin da ke yanke hukunci shi ne na'urar daidaita caji, wadda masu sana'a ke kira kwantirola, ko tana zaman kanta ko tana cikin inbata. An rubuta mata iyakar bolt da iyakar amfiya. Idan iyakarta bolt 100 ce, sarƙar farantai ukun nan za ta iya ƙona ta nan take.

Akwai kuma batun sanyi. Ana auna Voc a ma'aunin zafi 25, kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a duk digiri ɗaya da aka sauka. Farantai biyu masu bolt 49 kowanne sun kai 98 a takarda, amma da sanyin safiyar hunturu a Jos ko Kano suna iya haura 100. Don haka ake barin rata tsakanin jimillar sarƙa da iyakar na'ura.

Sabo da tsoho

Gauraya farantai mabambanta yana jawo asara. A sarƙa, farantin da ya fi ƙarancin amfiya shi ke ja wa sauran birki. A haɗin kafaɗa da kafaɗa, mai ƙaramin bolt ne ke janyo sauran ƙasa. Idan ba a samu irin na da ba, abin da ya fi shi ne a saya wa sababbin kwantirolarsu daban, su riƙa cajin batir ɗaya da tsofaffin.

Yaushe fiyus ke zama dole?

Faranti ba ya iya turo abin da ya wuce Isc ɗinsa da yawa, saboda haka sarƙa ɗaya tilo ba ta buƙatar fiyus nata. Matsalar tana tasowa ne idan an haɗa sarƙoƙi da yawa kafaɗa da kafaɗa. Idan ɗaya ta samu lahani, misali ɓera ya ci waya ko ruwa ya shiga mahaɗa, sauran sai su juyo da wutarsu cikinta.

A misalinmu, a ce iyakar fiyus ɗin farantin amfiya 20 ce. Idan sarƙoƙi biyu ne, amfiya 10 kawai lafiyayyar za ta zuba wa mai lahani, kuma za ta jure. Idan uku ne, amfiya 20 za ta shiga, ko fiye idan rana ta take. Daga nan aka samo ƙa'idar cewa sarƙoƙi uku zuwa sama, kowace sai da fiyus ɗinta.

Girman fiyus ba a ƙiyasta shi da ka. Ƙa'idar haɗa wayar lantarki ta Amurka, wadda masu sana'a a ƙasashe da dama ke bi, ta ce a ninka Isc da 1.56. Amfiya 10 ta zama 15.6, sai a ɗauki fiyus mai amfiya 16. Sharaɗin shi ne kada ya wuce iyakar da ke bayan farantin.

Dole kuma ya kasance fiyus ɗin wutar DC, irin wanda ake yi wa alamar gPV. Wutar layin gwamnati tana sauya alƙibla, tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa guda, wanda ke taimakawa wajen kashe tartsatsi. Wutar sola da ta batir miƙaƙƙiya ce, tartsatsinta ba ya mutuwa da kansa. Birekar wutar gida da aka sa a layin sola tana iya ci da wuta maimakon ta yanke.

Fiyus mafi muhimmanci a gidan kuwa shi ne na batir. Batir na iya sakin ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido idan wayoyinsa suka haɗe. Ana sa fiyus ɗin a wayar +, dab da kan batirin.

Waya da tsarin jonawa

Ƙarin amfiya yana buƙatar ƙarin kauri. A kan rufi ana amfani da wayar sola ta jan ƙarfe mai jure rana, yawanci mai lamba 4 ko 6, kuma gwargwadon nisa gwargwadon kauri, don kada asarar bolt ta wuce kashi 3 cikin ɗari. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe, wadda ta fi araha amma ta fi saurin ɗaukar zafi. Mahaɗan MC4 su zama na kamfani ɗaya, a matse su da abin matsewarsu. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif shi ne mafarin gobara da yawa.

Wajen jonawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola, farantai su biyo baya. Wajen cirewa, farantai ake fara yankewa. Ba a zare mahaɗa alhali wuta na gudu a cikinta. A tuna kuma faranti ba shi da makunni: muddin akwai haske, akwai wuta a wayarsa. Ƙarafan da ke riƙe da farantai su samu wayar da ta sauka cikin ƙasa, a kuma sa na'urar kariya daga tsawa kafin damina.

Wa ke sa ido?

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ingancin ayyukan lantarki da ba masu haɗa waya shaidar ƙwarewa a Najeriya. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Saboda haka tambayar wa ke duba aikin sola a kasuwanni da unguwanni tambaya ce da za a iya yi wa majalisar jiha, ba Abuja kaɗai ba.

Kafin a kai ga nan, mai gida yana da abin yi. Ya nemi ganin shaidar mai aikin, ya sa shi ya rubuta jimillar bolt da amfiya a takarda, ya nuna masa iyakar kwantirola, sannan ya nuna masa kowane fiyus da hannu. Mai aikin da ya kasa yin waɗannan, bai kamata ya hau rufin ba.