Taƙaita Izinin Farautar Manyan Namun Daji ga Baƙi a Jihohin Amurka

A Amurka, kowace jiha ce ke da ikon tsara farautar namun dajin da ke cikin iyakarta. Wanda ke son farautar babbar dabba, kamar barewa, ko babbar 'yar'uwarta da ake kira elk, ko ragon dutse, ko baunar Amurka, ba lasisin farauta kaɗai yake buƙata ba. Sai ya mallaki takardar izini ta musamman, wadda ke ba shi damar kashe dabba guda a wani yanki da wani lokaci da aka ƙayyade, kuma da zarar ya harbe dabbar zai ɗaura takardar a jikinta. Jihohin yammacin ƙasar sun taƙaita yawan irin waɗannan takardu da baƙi ke samu, kuma suna sayar musu da su da tsada.

Wane ne baƙo?

Ba asalin mutum ko garin kakanninsa ake dubawa ba, inda yake zaune ake dubawa. A jihar Montana sai mutum ya yi kwana 180 a jere kafin a ɗauke shi mazauni, a Wyoming kuwa sai ya cika shekara guda. Duk wanda bai cika sharaɗin ba baƙo ne, ko da Ba'amurke ne daga jihar da ke maƙwabtaka.

Yadda ake rabo

Masana namun daji na hukumar kowace jiha ne ke ƙiyasta yawan dabbobi, su ba da shawarar adadin da za a iya kashewa ba tare da garken ya ragu ba. Da yake masu nema sun fi takardun yawa, akan raba su ta hanyar ƙuri'a. A wasu jihohin, wanda bai dace ba yakan tara maki kowace shekara, har wasu kan shafe shekaru da dama suna jira.

A nan ne ake ware kason baƙi. Arizona ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Dokar da New Mexico ta yi a 2011 ta ba mazauna kashi 84, ta ware kashi 10 ga masu ɗaukar jagoran farauta mai rajista, ta bar wa sauran baƙi kashi 6. A 2022 Wyoming ta mayar da kason mazauna kashi 90 a kan dabbobi biyar da aka fi rububinsu, ciki har da ragon dutse da akuyar dutse da bauna. Montana kuwa ta daɗe da tsayar da babban lasisinta na baƙi a kan 17,000 a shekara.

Matsayin kotu da majalisa

A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Baldwin da hukumar namun daji ta Montana. A 1976 mazaunin jihar na biyan dala 9 domin farautar elk, baƙo kuwa sai ya sayi lasisin dala 225. Alƙalai shida daga cikin tara suka ce farautar nishaɗi ba ta cikin muhimman haƙƙoƙin da tsarin mulki ya tilasta a daidaita 'yan ƙasa a kansu, don haka jiha na iya bambantawa.

A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce iyakar da Arizona ta sa tana shafar kasuwanci tsakanin jihohi, lamarin da ya tayar da hankalin jihohin yamma. Sanata Harry Reid na Nevada ya jagoranci wata doka da majalisar ƙasa ta zartar a 2005, wadda ta tabbatar wa jihohi ikon fifita mazaunansu.

Tushen taƙaddama

Mazauna na cewa su ne ke zaune da dabbobin shekara da shekaru, su ne ke jure ɓarnar da suke yi a gonaki da hatsarin da suke haddasawa a kan hanya, don haka su ya kamata a fara ba. Baƙi kuwa na kafa hujja da cewa yawancin farautar ana yin ta ne a filayen gwamnatin tarayya, waɗanda na dukan Amurkawa ne. Kusan kashi 80 na ƙasar Nevada da kusan rabin ta Wyoming na tarayya ne. Suna kuma nuni da dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ke karɓar haraji a kan bindigogi da harsasai daga kowa, tana raba wa jihohi domin kula da namun daji.

Akwai kuma batun kuɗin shiga. Hukumomin namun daji na dogara ƙwarai da kuɗin lasisi, kuma baƙo ɗaya kan biya abin da mazauna da yawa ke biya. Jagororin farauta da masu masauki da gidajen abinci a ƙananan garuruwa su ma da baƙin suke cin abinci. Saboda haka duk jihar da ta rage kason baƙi sai ta zaɓi ɗaya: ko ta ƙara wa baƙin da suka rage farashi, ko ta ƙara wa mazaunanta, ko ta rage ayyukan kula da dabbobin.