Tarihin Riƙon Kunkurun Ruwa, Daga Kwanon Roba Zuwa Komin Shanu

Da zarar damina ta kankama a ƙasashenmu, kududdufai suka cika, sai kunkurun ruwa ya fito daga cikin laka inda ya kwana rani a binne. A lokacin ne yara ke tsintarsa a bakin tabki, masunta kuma su ciro shi a cikin koma tare da kifi. Sau da yawa mai tausayi yakan karɓe shi daga hannunsu don ya cece shi, ya kai shi gida ya jefa a bokiti, bayan 'yan makonni kuma a wayi gari ya mutu. Wannan kuskure ba a kanmu aka fara shi ba. Wata ƙasa ta yi shi har sau miliyoyi kafin ta gane inda ta karkace, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Labarin ya faro ne daga kudancin Amurka, a kwarin kogin Misisifi, inda wani kunkurun ruwa mai jan zane a bayan ido yake rayuwa, har aka sa masa suna mai jan kunne. Mutanen jihar Luwiziyana suka fara kiwonsa a tabkuna, suna tono ƙwansa suna ƙyanƙyashewa. A shekarun 1950 da 1960 'ya'yansa, waɗanda ba su wuce faɗin kwabo ba, sun cika kantunan kayan araha a faɗin ƙasar. Ana sayar da kowane ɗaya da ɗan kwanon roba marar zurfi, a tsakiyarsa an kafa wata bishiyar dabino ta roba, sai kuma gwangwanin busassun ƙwan tururuwa a matsayin abinci.

Wannan kwano shi ne kabarin mafi yawansu. Ruwan bai isa iyo ba, nan da nan yake gurɓata da kashi da ragowar abinci, babu rana, abincin kuma ba ya gina ƙashi. Dalilin mutuwar a fili yake ga wanda ya san halittar. Kunkuru ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, sai ya hau tudu ya sha hantsi. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke sa fatarsa ta haɗa sinadarin bitamin D, shi kuma wannan sinadari ke ba jiki ikon ɗaukar kalshiyam daga abinci. Idan aka rasa wannan, ƙoƙon bayansa ya yi laushi, idanu su kumbura, ya daina ci. Dabbar da ke iya kai shekara 30 sai ta kasa cika shekara guda.

Abin da ya tsayar da cinikin a Amurka lafiyar yara ce. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, amma ga ɗan Adam tana kawo zazzaɓi da gudawa. Yara kan taɓa ruwan kwanon, wasu har su sa ɗan kunkurun a baki. A farkon shekarun 1970 masana lafiya sun ƙiyasta cewa mutum kusan 280,000 ne ke kamuwa ta wannan hanya kowace shekara. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta haramta sayar da duk kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10. Dokar tana nan har gobe.

Sai dai dokar ba ta hana fitarwa waje ba, don haka masu kiwon suka juya ga kasuwannin Turai da Asiya. Wasan zanen nan na kunkuru huɗu mayaƙa, Ninja Turtles, wanda ya fito a talabijin a 1987, fim ɗinsa kuma a 1990, ya ƙara wa kasuwar wuta, musamman a Birtaniya. Iyaye suka saya wa 'ya'yansu ba tare da sanin cewa macen wannan kunkuru na iya kai santimita 30 ba. Da ya girma ya fi ƙarfin kwano, sai a kai shi tabkin gari a sake. A can ya ƙwace wuraren shan rana da abinci daga kunkurun asali na waɗannan ƙasashe. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, a 2016 kuma ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna. Japan ta bi sahu a watan Yunin 2023: ta hana shigo da shi da sayar da shi da sakinsa, amma ta bar wa wanda ke da shi ikon ci gaba da riƙonsa, don tsoron kada hani ya sa mutane su kwarara da su cikin koguna.

Daga cikin wannan ɓarna ne masu ceto suka taso, mutanen da ke karɓar kunkurun da masu shi suka gaji da shi. Da yake suna karɓar da yawa kuma aljihunsu bai kai na sayen manyan akwatunan gilashi ba, sai suka koma ga komin shayar da shanu da manyan bahunan roba. Suka tarar kunkurun ya fi sakewa a ciki, domin faɗi yake so, ba ya bukatar a riƙa kallonsa ta gefe. Ma'aunin da suka saba bi shi ne kimanin lita 15 ta ruwa ga kowane santimita na tsawon ƙoƙo. Mai tsawon santimita 20 ke nan yana neman wajen lita 300. Zurfin ruwan ya zarce tsawon ƙoƙonsa sosai, don idan ya kife ya iya juyowa. Sannan a sa masa dutse ko gungume da zai hau ya bushe sarai.

A nan ne labarin ya taɓa mu ta fuska biyu. Ta farko, kunkurun ruwanmu na Afirka ta Yamma, mai naɗe wuyansa gefe maimakon ja da shi ciki, yana cikin waɗanda ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa kantunan dabbobi na Turai da Amurka. Babbar kififfiya mai laushin baya ta kogunan Neja da Binuwai da Bolta, wadda ke kusantar mita guda, farauta ta rage ta har taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesbag ya sa ta cikin halittun da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. A Senegal, masanin kunkuru Tomas Diagne ya shafe shekaru yana ceto da kiwo da mayarwa daji, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Tusk a 2019.

Ta biyu, abin da Bature ke saye da tsada mu kyauta muke samunsa. Shi sai ya sayi fitila ta musamman da na'urar ɗumama ruwa, mu kuwa rana ta wadace mu. Wanda ya ceci kunkuru mai rauni, babban baho ko rabin durom na roba da aka wanke tas ya ishe shi, ko ɗan kwarmin siminti a kusurwar gida. A aje shi inda hantsi ke faɗawa kai tsaye, domin gilashin taga na tare wancan sashen haske mai amfani. A rufe rabin bahon da inuwa, gama zafin watan Afrilu na iya mai da ruwan roba kamar na tukunya. Bakin bahon ya yi tsayi, a kuma ɗora raga, saboda kunkuru gwanin hawa ne, karnuka da ɓeraye kuma ba sa ƙyale shi. Ruwan rijiya ya yi. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Inda babu matatar ruwa, a riƙa sauya wani kaso duk kwana biyu ko uku, a ciyar da shi a wani kwano daban don ruwan ya daɗe da tsabta. Abincinsa ƙananan kifi da ƙashinsu, da tana, da dodon koɗi, da fara. Tuwo da burodi ba nasa ba ne. Babba ba ya bukatar ci kullum, sau uku a mako ya wadatar. Duk wanda ya taɓa shi ko ruwansa ya wanke hannu da sabulu, a nesanta ƙananan yara, kada kuma a wanke bahon inda ake wanke kwanukan abinci.

Hukunci na ƙarshe ya danganta ga asalin dabbar. Idan ɗan ƙasa ne kuma lafiyarsa ƙalau, ceton da ya fi shi ne a mayar da shi ruwan da aka ɗauko shi tun a ranar, domin a can ya san maɓoyarsa da inda zai binne kansa idan rani ya zo. Idan mai rauni ne, a riƙe shi har ya warke sannan a mayar. Idan kuwa baƙo ne mai jan kunne da aka saya a kanti, to kada a kuskura a sake shi a kogi ko tabki. Wanda ya karɓe shi ya ɗauki amanar shekaru 20 ko 30, in ya gaza ya nemi wanda zai iya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ba ya iya kai ƙara.