Safar Taya a Motar Ɗaukar Kaya Mai Lantarki

Safar taya wata riga ce ta yadi mai ƙarfi da ake zura wa tayar mota domin ta samu riƙo a kan dusar ƙanƙara. Galibi da zaren foliyesta ake saƙa ta. Bakinta na ciki yana da roba mai talewa wadda ke kama bayan taya, fuskarta ta waje kuma raga ce da ke rufe ƙarfen taya. Aikinta ɗaya ne da na sarƙar ƙarfe da direbobin ƙasashen sanyi suka daɗe suna ɗaura wa tayoyi, sai dai ita ba ta da nauyi, ba ta ƙara, kuma ana naɗe ta a jaka kamar zane.

A ƙasar Norwe aka fara yin ta a ƙarshen shekarun 1990, bisa tunanin wani ɗan ƙasar mai suna Bård Løtveit, kamfanin AutoSock kuma shi ya fito da ita kasuwa. Daga baya wasu kamfanoni a Turai suka shiga sana'ar, har aka tsara mata ma'aunin inganci na bai ɗaya mai lamba EN 16662-1 a shekarar 2020.

Yadda take kama ƙasa

Abin da ke jawo santsi a kan ƙanƙara shi ne ɗan siririn ruwan da ke kwance tsakanin taya da hanya, wanda gogayyar taya ke ƙara samarwa ta hanyar narkar da ƙanƙarar. Robar taya tana zamewa a kan wannan ruwa. Yadi kuwa yana tsotse shi ya watsar yayin da taya ke juyawa, sai zaren ya haɗu da busasshiyar ƙanƙara kai tsaye. Dusar ma tana manne wa zaren, kuma dusa tana kama 'yar'uwarta fiye da yadda take kama roba. Da an ɗan yi tafiya da ita, fuskar yadin takan yi gashi-gashi, abin da ke ƙara mata riƙo maimakon ya rage shi. Sarƙa tana haƙa ƙanƙara ne da ƙarfe, safa kuwa gogayya take dogara da ita. Shi ya sa a kan dusar da motoci suka tattake take aiki sosai, amma a hawan tudu mai tsauri da ƙanƙara ta daskare kamar gilashi, ko cikin dusa mai zurfi, sarƙa ta fi ta.

Sanya ta ba ya buƙatar jak ko sifana. Direba zai tsaya a wuri mai aminci, ya zura ta a rabin taya na sama, ya matsa da mota gaba kamar mita ɗaya, sannan ya ja sauran ya rufe. Tana daidaita kanta bayan 'yan juyi. Masu yin ta sun ƙayyade gudun kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci, manyan motocin kaya kuma ƙasa da haka.

Dalilin da ya sa ta shafi motocin lantarki

Tun daga 2021 a-kori-kura masu aiki da batir suka fara shiga hanyoyin Amurka da Kanada: Rivian R1T a 2021, Ford F-150 Lightning a 2022, Tesla Cybertruck a ƙarshen 2023. Yawancinsu suna zuwa da ƙarfen taya mai faɗin inci 20 zuwa 22, kuma tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota ba ta da yawa. A bayan tayar akwai bututun man birki, da wayoyin na'urar da ke auna juyin taya, a wasu motocin har da jakar iskar da ke ɗaga mota ta sauke ta. Sarƙar da ta kwance ko ta tsinke a wannan matsatsin wuri tana iya yanka ɗaya daga cikinsu nan take. Don haka littafin jagorar irin waɗannan motoci yakan taƙaita irin sarƙar da za a sa da girman tayar da za a sa wa. Safa siririya ce, ba ta da ƙarfe ko kaɗan, idan ta yage ma yadi ne kawai zai kaɗa. Wannan ne babban abin da ya sa masu motocin suka karkata gare ta.

Amma motar da ta fi buƙatar safar ita ce kuma ta fi saurin cinye ta. R1T tana da nauyin da ya haura tan uku, Hummer EV ta kamfanin GMC ta haura tan huɗu, galibi saboda batir. Duk wannan nauyi a kan yadi yake sauka. Ga kuma ƙarfin injin lantarki, wanda ke zuwa gaba ɗaya da zarar an taka totur: R1T mai inji huɗu ta farko tana kai kusan kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa uku da 'yan kai. Idan direba ya taka da ƙarfi taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, zaren zai goge ya yage. Abin da ke ɗan sassauta matsalar shi ne kwamfutar motar tana rage ƙarfin injin lantarki da sauri fiye da yadda ake iya yi da injin fetur, saboda haka bai kamata a kashe na'urar hana zamewa ba yayin da safa ke jikin taya.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne gangara. A motar lantarki, da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan koma janareta, ya riƙe tayoyi yana mayar da wuta cikin batir. A busasshiyar kwalta wannan riba ce. A kan ƙanƙara kuwa tamkar taka birki ne ba shiri. Idan tayoyin gaba kaɗai aka sa wa safa, gaba zai riƙe, baya kuma ya zame ya nemi wuce gaba, musamman idan bayan motar ba kaya. Idan na baya kaɗai aka sa wa, sitiyari ba zai ji magana a kwana ba. Ga mota mai wannan nauyi da ke jan dukkan tayoyi huɗu, sayen safa huɗu ya fi hankali a kan biyu, muddin littafin motar bai hana ba. Ya kuma kamata a rage ƙarfin wannan riƙo na injin kafin a fara gangara. Rivian ta ƙara wa motocinta tsarin tuƙin dusar ƙanƙara mai yin hakan da kuma tausasa totur.

Matsayinta a doka

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Faransa, dokar yankunan tsaunuka da ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2021 ta wajabta tayoyin hunturu, ko ajiye sarƙa ko safa a mota, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris a garuruwan da hukuma ta ayyana. A jihar Kolorado ta Amurka, dokar riƙon taya tana aiki daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu a kan babbar hanyar I-70, tsakanin Dotsero da Morrison, kuma hukumar sufurin jihar ta amince da safar AutoSock a madadin sarƙa. Amincewar takan shafi samfurin da aka gwada ne, ba kowace safa da ke kasuwa ba.

Iyakarta

Busasshiyar kwalta ce babbar abokiyar gabanta. Da zarar an fita daga dusa dole a tsaya a cire ta, domin 'yan kilomita kaɗan a kan tsakuwar hanya ƙarƙashin tan uku sun isa su huda ta. Ba a kwana da ita a jikin taya, saboda ruwan da ta sha zai daskare ya manne ta da ƙasa. Bayan amfani a kakkaɓe ta, a wanke gishirin da ake zuba wa hanyoyi, a shanya kafin a naɗe. Dole ne kuma girmanta ya dace da lambar da ke rubuce a gefen taya.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ɗaukarta a matsayin madadin tayar hunturu. Tayar hunturu, mai alamar tsauni mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki, robarta ba ta sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma tana aiki duk tsawon tafiya, a kwalta ko a dusa. Safa kayan ƙetare mummunan wuri ce: hawan mashigin tsauni, ko titin unguwa da motar sharar dusa ba ta iso ba tukuna.