BABI NA UKU: AIKIN HANNU DA TARBIYYA A MAKARANTAR MIDIL TA KATSINA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka shigar da aikin hannu cikin karatun yaran da suka wuce matakin elemantare amma ba su kai ga kwaleji ba a birnin Katsina. Za a dubi inda tunanin ya samo asali, da yadda aka aiwatar da shi a makarantar Midil, da kuma dalilan da suka sa ya yi rauni. Muhimmancin wannan batu shi ne, sau biyu hukuma tana ɗaura niyyar haɗa karatun littafi da na hannu ga yaran wannan mataki, a 1930 da kuma 1982, kuma duka biyun sun ci karo da matsaloli masu kama da juna.

3.1 Kafin Zuwan Boko

Koyo ta hanyar aikatawa ba baƙon abu ba ne a Katsina. Yaron da ya tashi a gidan maƙera yakan fara da jan zugazugi, daga nan a ba shi riƙon awartaki, sai ya yi shekaru kafin a yarda ya ƙera lauje shi kaɗai. Haka abin yake a marina da masaƙa da wajen dukawa. Ba a yi wa yaro jarrabawa a takarda, abin da ya fito daga hannunsa shi ne shaidarsa. Wannan kuma bai hana shi zuwa makarantar allo safe da yamma ba. Hasali ma, ɗaya daga cikin manyan malaman da birnin yake alfahari da su a ƙarni na 17, wato Wali Ɗan Marina, laƙabinsa ma daga sana'ar rini ya fito. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin zai sake ɓullowa a gaba: sana'a a ƙasar Hausa gado ce, kuma sana'o'in ba darajarsu ɗaya ba a idon jama'a. Ɗan sarauta ba ya ƙira, ba ya jima, ko da kuwa yana da sha'awar yin haka.

3.2 Daga Ɗan Hausa Zuwa Hussey

Makarantar boko ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Tun a wannan makaranta an ware sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da kuma na koyon sana'a, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Daga Kano ne aka yaɗa makarantun larduna da na sana'a zuwa sauran manyan garuruwa. Ita kuwa Katsina sai ta sami babban rabo, domin a nan aka kafa Kwalejin Horon Malamai a 1921, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

A daidai wannan lokaci ne ake ta muhawara a Amurka da Ingila a kan yadda ya dace yaro ya koyi abu. John Dewey ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Cikago a 1896, inda yara suke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. A 1918 almajirinsa William Kilpatrick ya fitar da bayanin koyarwa ta hanyar ba yara wani aiki guda su tsara shi, su aiwatar, su ga ƙarshensa. To amma ba wannan reshen ne ya iso Afirka kai tsaye ba. Abin da ya iso shi ne na kwamitin Phelps-Stokes, wanda ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921 ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, kuma abin koyinsa shi ne makarantun Hampton da Tuskegee da aka kafa domin koya wa baƙaƙen fatar Amurka noma da sana'a. Bambancin yana da girma. A wajen Dewey aikin hannu hanya ce ta buɗe basirar kowane yaro. A wajen kwamitin kuwa, hanya ce ta shirya Ba'afirke ya zauna a karkararsa ya amfane ta. A 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufar ilimi ga ƙasashen Afirka da take mulka, wadda ta ce a daidaita ilimi da sana'o'i da al'adun mutanen kowace ƙasa. Sakataren kwamitin da ya tsara takardar kuwa ba kowa ba ne illa Ɗan Hausa.

A 1929 aka haɗe ma'aikatun ilimi na Arewa da Kudu ƙarƙashin darakta guda, E. R. J. Hussey. Tsarin da ya kawo a 1930 ya raba karatu zuwa elemantare da midil da kuma babbar kwaleji. A Arewa an samar da makarantun midil ne ta hanyar haɗe manyan azuzuwan firamare da makarantun sana'a. Ke nan tun ranar haihuwarta makarantar Midil 'yar gida biyu ce, ɗaya na alƙalami, ɗaya na guduma.

3.3 Rayuwa a Midil ta Katsina

Midil ta Katsina makarantar kwana ce ta maza zalla, kuma En'e ce take ɗaukar nauyinta daga Baitulmali, Baturen makaranta yana duba ta. Yaro yakan shigo ta bayan ya gama aji huɗu na elemantare a birni ko a gundumarsa. A elemantare da Hausa ake koyarwa, saboda haka a Midil ne yaro yake fara fuskantar Turanci sosai. Bayan Turanci akwai lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kiwon lafiya da Larabci da addini. Sannan akwai ɗakin kafinta da na aikin ƙarfe, da gonar makaranta.

Idan aka dubi wannan tsari da idon mai nazarin ilimi, za a ga cewa ya taɓa kusan kowane ɓangare na rayuwar yaro. Wanda aka ba shi katako ya haɗa akwati dole ya auna, ya zana, ya lissafa abin da zarto zai ci, kuma idan ya yi kuskuren rabin inci murfin ba zai rufu ba. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar jan biron malami. A gona ma haka, yaron da ya yi sakaci da noman farko zai ga sakamakonsa da kaka. Bugu da ƙari, an raba ɗalibai gida-gida, an naɗa manya daga cikinsu su kula da tsabta da da'a, wato ana koya musu shugabanci ta hanyar ba su shugabancin. Akwai motsa jiki da ƙwallon ƙafa, da wasan fayif, wato ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda ya yi farin jini a Kwalejin Katsina har Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya riƙe shi bayan ya bar makaranta. Salla a kan lokaci da karatun addini kuwa su ne suka kwantar wa iyaye da hankali, a lokacin da da yawansu suke ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗaukar 'yan makaranta.

Malaman Midil mafi yawansu Kwalejin Katsina ce ta yaye su. Daga cikinsu akwai Abubakar Imam, wanda ya fara koyar da Turanci a makarantar a 1932. Yana wannan aiki ne ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Wannan yana nuna irin malaman da yaran suka samu, amma yana kuma nuna inda daraja take. Malamin Turanci ɗan kwaleji ne. Mai koyar da kafinta ko ƙira kuwa sau da yawa gwani ne a sana'arsa, amma ba shi da takardar da za ta daidaita shi da abokin aikinsa. Yara kuwa suna lura da irin wannan fiye da yadda manya suke zato.

Game da 'yan mata, a 1930 ne aka buɗe musu makaranta a Katsina da Kano, kuma ta Katsina ta sami goyon bayan Sarki Dikko. An fi ba da ƙarfi ga ɗinki da tsabta da kula da gida, ba a kuma yi musu wata Midil irin ta maza a lokacin ba.

3.4 Yadda Alƙalami Ya Rinjayi Guduma

Dalili na farko da ya raunana aikin hannu a Midil shi ne ƙofar da ke gabanta. Burin kowane yaro mai hazaƙa shi ne ya shiga Kwaleji, wadda ta tashi daga Katsina ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Jarrabawar shiga kuwa ta Turanci ce da lissafi, babu mai tambayar yaro ingancin teburin da ya haɗa. Wanda bai sami Kwaleji ba, En'e tana jiransa da aikin malanta: malamin haraji, malamin asibiti, malamin daji, malamin gona, magatakardan alƙali ko na hakimi. Aiki ne mai albashi da babbar riga da kusanci ga fada. Babu uban da zai ba da ɗansa shekaru takwas ko tara ga boko don ya dawo ya zama kafinta, alhali ga kafinta nan a bakin kasuwa yana koyar da yara ba tare da an raba su da gida ba.

Na biyu shi ne batun gado da aka ambata a baya. Da yawa daga cikin ɗaliban 'ya'yan sarakuna ne da hakimai da alƙalai da malamai. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, wanda ya zama Gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, ɗalibin wannan makaranta ne. A miƙa wa irin wannan yaro guduma a ce ya tsaya gaban uwar maƙera, abu ne da zai yi domin dokar makaranta, amma shi da malaminsa duk sun san ba nan ya dosa ba.

Na uku, kuma wanda ya fi wuyar warwarewa, shi ne zargi. 'Yan bokon farko a faɗin Nijeriya sun fahimci manufar daidaita ilimi da sana'ar gida a matsayin dabarar hana su karatun da zai kai su kujerar Bature. Ba za a ce zargin ba shi da tushe ba, idan aka tuna daga inda tunanin ya fito. Abin takaicin shi ne, garin yaƙar manufar sai aka haɗa da hanyar koyarwar, wadda ita a kanta ba ta da laifi. Har ila yau, a wasu makarantu an riƙa tura mai laifi gona ko yankan ciyawa a matsayin horo, wanda hakan ya ƙara dasa wa yara cewa aikin hannu hukunci ne.

A shekarun 1950, lokacin da ake gaggawar samar da 'yan Arewa da za su riƙe ma'aikatu kafin 'yancin kai, aka rushe tsarin Midil. Ƙananan azuzuwanta suka koma babbar firamare, manyan suka zama sakandaren lardi. Marigayi Muhammadu Buhari yana cikin waɗanda sauyin ya ritsa da su, domin ya shiga Midil ta Katsina a 1953, ya kuma ci gaba a Sakandaren Lardin Katsina daga 1956 zuwa 1961. Wannan makaranta ce ta zama Kwalejin Gwamnati ta Katsina. Daga nan jarrabawar kammala sakandare ce ta zama ma'aunin komai.

3.5 Yunƙuri na Biyu

Taron manhajar ilimi na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya soki karatun da aka gada da cewa ma'aikatan ofis kawai yake samarwa. Daga shawarwarinsa aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka kuma fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Shekaru uku na ƙaramar sakandare su ne magajin Midil ta fuskar shekarun yara, kuma an tanadi darussan share fagen sana'a a cikinsu, kamar noma da tattalin gida da darasin gabatar da fasaha, wanda ɗalibai suka fi sani da intirotek. A wannan karon 'yan mata ma suna ciki.

Gwamnati ta sayo injunan aikin katako da na ƙarfe daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. A wurare da dama injunan sun daɗe a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a girka su, ko babu wutar lantarki, ko babu malamin da ya san kansu. Sai aka koma zana zarto da magagari a kan allo yara suna kwafa, a ƙarshen shekara ta uku a tambaye su sunayen sassansu a takarda. Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 23 ga Satumba, 1987, a wannan hali ta gaji makarantunta. A 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekaru tara na ilimin tushe, daga bisani kuma aka sauya wa intirotek suna zuwa fasahar tushe.