Babi na Biyu: Titin Murtala Muhammad da Bunƙasar Ciniki a Wajen Kano

2.1 Asalin Titin

Kafin zuwan Turawa a shekarar 1903, cibiyar cinikin Kano tana cikin ganuwa ne, wato Kasuwar Kurmi wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A wajen ganuwa kuwa, Fage ce zangon fatake, musamman Buzaye masu zuwa da raƙuma daga arewa. Al'amari ya sauya bayan da layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fatu sun gina kantunansu da rumbunansu kusa da tashar jirgi, Kwarori suka biyo bayansu, sannan wajen shekarar 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, akasarinsu daga Kudu. Hanyar da ta ratsa tsakanin waɗannan sababbin matsugunai ita ce daga baya aka raɗa wa sunan Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasa ɗan Kano da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

2.2 Unguwanni da Kasuwanni

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa titin ya zama tamkar iyaka. Sabon Gari tana arewa da shi, Fage da Kantin Kwari suna ta kudu maso yamma, gabashinsa kuma ya nufi Nasarawa, tsohuwar unguwar Turawa. Wannan rabe-rabe da mulkin mallaka ya shuka yana daga cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin watan Mayu na 1953 da na 1966. Bayan rikicin 1966 Inyamurai da dama sun bar rumfunansu, 'yan ƙasa suka shiga, kuma da aka gama yaƙin basasa a 1970 suka dawo aka ci gaba da cin kasuwa tare.

A bakin titin ne Kasuwar Sabon Gari take, wadda ake kira da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983. Kusa da ita akwai Kasuwar Singa, inda ake sarin sukari da fulawa da taliya da sabulu, har 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi suna zuwa lodi. Sunaye irin su Singa da Bata kuwa gado ne daga kamfanonin keken ɗinki da takalma da suka taɓa zama a wurin.

2.3 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa layin dogo ne ya janye ƙarfin ciniki daga Kurmi zuwa Waje. Sai dai kuma cunkoson da wannan bunƙasa ta haifar ya zo da nasa hasarar, kamar yadda gobarar Singa da ta Sabon Gari suka nuna a shekarar 2016, inda dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba jari.